A kula wajen adana khokh a kwalba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a jaridarku mai albarka domin in ja hankalin 'yan uwana matan Hausawa mazauna Makka da Jidda game da ɗan itacen da Larabawa ke kira khokh (peach a Turance), wanda ke cika kasuwa daga gonakin Ɗa'if da Tabuka a lokacin zafi. Da yawa daga cikinmu muna dafa shi da ruwan sukari, kirfa, kanumfari da citta, mu zuba a kwalba domin baƙi, amma abin da ke damuna shi ne yadda wasu ke rufe kwalbar kawai su ajiye a kabad, suna zaton kayan ƙamshin ne ke hana lalacewa. Kayan ƙamshi ɗanɗano kaɗai suke ƙarawa. Wajibi ne a nutsar da kwalbar rabin lita a cikin tafasasshen ruwa na minti 20 bayan an zuba khokh ɗin da zafinsa, kuma mazauna Ɗa'if su ƙara aƙalla minti 15, domin a kan tsauni ruwa yana tafasa tun bai kai digiri 100 ba.

Mai jan hankali kuma, a zaɓi mai rawayan ciki, saboda wanda cikinsa fari ne ba shi da isasshen tsami, kuma a irinsa ƙwayar cutar botulizim mai shanye jiki ke iya rayuwa. Duk kwalbar da murfinta ya kumbura, a zubar da ita ba tare da an ɗanɗana ba.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku daga Makka