Wasiƙa zuwa ga Aminu kan ranar 15 ga Janairu

Aminu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, muna nan Katsina lafiya, sai hunturu da ya matsa mana. Mahaifiyarka na gaishe ka.

Ƙanwarka ta nuna mini abin da ka rubuta a Facebook ranar 15 ga Janairu a ƙarƙashin hoton Sardauna, inda ka yi wa ƙabilar Ibo kuɗin goro da zagi saboda juyin mulkin sojoji na 1966. Raina bai so ba.

Abin da ka faɗa kan 1966 haka yake. Cikin dare, ana tsakiyar azumi, Manjo Nzeogwu da yaransa suka afka gidan Firimiya a Kaduna, suka kashe Sa Ahmadu Bello tare da uwargidansa Hafsatu. A Legas aka ɗauke Abubakar Tafawa Ɓalewa, sai bayan kwanaki aka tsinci gawarsa. Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad duk a daren suka tafi, Allah Ya jiƙansu. Mu nan ba sai an tuna mana ba: Sardauna da Ɓalewa duk a Kwalejin Katsina suka yi karatu, kuma ɗan Sarki Usman Nagogo, Hassan, shi aka danƙa wa riƙon Arewa bayan abin ya faru. Amma ka tsallake Akintola, Firimiyan Yamma, da ministan kuɗi Okotie-Eboh, su ma an kashe su, ba kuwa 'yan Arewa ba ne.

Abin da ya fi damuna shi ne ka san rabin ranar ka bar rabi. A 15 ga Janairun 1970 Philip Effiong, jagoran ɓangaren Biyafara, ya je barikin Dodan a Legas ya miƙa wuya ga shugaban ƙasa Gowon, yaƙin basasar da aka fara a Yulin 1967 ya ƙare. Gowon ya ce babu wanda ya ci, babu wanda aka ci. Shi ya sa a wannan rana ake tunawa da 'yan mazan jiya. Kakin da ke jikinka ma daga nan ya samo asali, don a 1973 Gowon ya ƙirƙiro bautar ƙasa saboda ɗan Katsina ya je ya zauna a Inugu, kamar yadda kake zaune yanzu.

To, mutanen da kake ci kake sha a garinsu, kake koyar da 'ya'yansu, su ma suna karanta abin da ka rubuta. Ka goge shi yau. In ka samu dattijo a unguwarku, ka gaishe shi da ladabi, ka tambaye shi yadda yunwa ta yi da yara lokacin yaƙin, ka yi shiru ka saurara. Addu'a ga Sardauna kuwa kada ka fasa, ita ba ta buƙatar zagin kowa.

Mahaifiyarka ta ce in za ka zo hutu ka taho mata da manja, kuma ka daina tafiyar dare.

Mahaifinka