Ofishin 'Yan Sanda Ba Wurin Karɓar Bashi Ba Ne

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin in yi magana a kan wata ɗabi'a da ta yi katutu a kasuwannin Garwa da Marwa, wato kai ƙarar bashi gaban 'yan sanda ko jandarmomi.

A nan Kamaru hukumomin biyu ba uwarsu ɗaya ba. 'Yan sanda suna ƙarƙashin babbar hukumarsu ta ƙasa, wato DGSN, wadda ke karɓar umarni kai tsaye daga fadar shugaban ƙasa, kuma a birane suka fi aiki, har da bayar da katin ɗan ƙasa. Jandarmomi kuwa sojoji ne na ma'aikatar tsaro, su ne ake gani a karkara da kan manyan hanyoyi. Aikin da ya haɗa su shi ne kiyaye doka da binciken laifi a ƙarƙashin mai gabatar da ƙara na gwamnati. Bashin buhun masara ko cikon kuɗin saniya, matuƙar babu zamba a ciki, magana ce ta kotu, ko ta zauren lamiɗo idan ana son sulhu.

Amma sai ka ga ɗan kasuwa ya sa an kama abokin cinikinsa da yammacin Juma'a, da gangan, domin ya kwana a tsare har Litinin, 'yan'uwansa kuma suna kai da komo da kwanon abinci suna neman rance. Alhali dokar shari'ar laifuffuka ta 2005, wadda ta fara aiki a 2007, ta ƙayyade tsarewa ga awa 48, ana iya sabuntawa sau ɗaya, duk wani ƙari kuma sai da rubutaccen izinin mai gabatar da ƙara. A ganina laifin ɗan kasuwar da ya kai ƙarar bai gaza na jami'in da ya karɓe ta ba, domin lokacin da aka ɓata wajen cinikin bashi, na farautar ɓarayin shanu da masu garkuwa da makiyaya ne aka ci.

Ina kira ga shugabannin 'yan sanda na jihohin Adamawa, Arewa da Arewa Mai Nisa da su riƙa bayyana wannan doka a gidajen rediyo da Hausa da Fulatanci, su kuma hukunta duk jami'in da ya tsare mutum a kan bashi.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Garwa, Kamaru