Sabbin nas-nas ɗinmu na Kaduna, dan Allah ku gyara shafinku na neman aiki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah a ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu in yi magana da ƙannena da 'ya'yana da suka gama karatun jinya, musamman na nan jihar Kaduna, 'yan kwalejin jiha ta Kafanchan da Tudun Wada da Pambegua, da 'yan St Gerard's da ke Kakuri, da masu digiri na ABU Zariya. Ni nas ce, na daɗe a cikin aikin, kuma akan kira ni in zauna intabiyu idan wani asibiti mai zaman kansa zai ɗauki ma'aikata, to abin da nake gani a wurin ne ya hana ni yin shiru.

Yaro ya sha wahalar karatu, ya ci jarrabawar NMCN, hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa, lasisi ya fito, sai ya koma gida ya zauna yana jiran ranar da gwamnati za ta buɗe fotal ɗin ɗaukar ma'aikata. Waya na hannunsa dare da rana, data ba ta yanke masa, amma ka rubuta sunansa a Google ka ga abin da zai fito, bidiyon TikTok ne cikin farin yunifom ana bin waƙa, ko kuma ba komai kwata-kwata. Kuma wallahi ana dubawa. Kafin a kira mutum intabiyu wani a cikinmu ya riga ya laluba sunansa a waya.

Shawarata ita ce kowa ya buɗe shafi a LinkedIn. Dandali ne na ma'aikata da masu neman ma'aikata, tun 2003 yake, kamfanin Microsoft ya saye shi a 2016, kuma buɗewa kyauta ne, kar wani ya ce sai kin biya na kuɗin, na kyautan ya ishe ki. Ban ce shi zai ba ki aikin gwamnati ba, dukkanmu mun san wannan sai mai uwa a gindin murhu ko wanda Allah Ya tsaga da rabonsa. Amma ƙungiyoyin agaji da ke aiki a Arewa, da manyan asibitocin kuɗi na Abuja da Legas, da masu ba da tallafin ƙaro karatu, suna sa tallarsu a can, kuma ma'aikatansu na can da sunayensu na gaskiya.

Inda yaranmu ke faɗuwa shi ne abin da suke rubutawa. Kowa sai ya je ya kwafo jimlar nan ta Turanci wai shi mai ƙwazo ne mai kishin ceton rayuka, ka karanta shafi goma duk abu ɗaya kamar mutum ɗaya ya rubuta musu, in ka tambaya sai su ce ai ba mu da gogewa me za mu rubuta. Ya za a yi ki ce ba ki da gogewa bayan shekara uku kina fostin, masu digiri ma biyar ga kuma intanshif? Rubuta abin da hannunki ya taɓa. Kin yi wod ɗin yara a asibitin Barau Dikko ko na koyarwa na ABU da ke Shika, faɗi. Kin iya sa kanula, kin iya cika fatograf a ɗakin haihuwa kina bin buɗewar mahaifa da bugun zuciyar jariri, kin karɓi haihuwa a ƙarƙashin kulawar ungozoma, faɗi. Kin zauna a asibitin shakatafi na ƙauye kina auna damtsen yara da tef ɗin nan mai launi uku, kin san idan ya yi ƙasa da santimita 11.5 ya shiga ja, tamowa ce mai tsanani ba a wasa da ita, to wannan layi ɗaya ya fi shafi guda na yabon kai a wurin wanda ke neman nas don cibiyar masu tamowa a Katsina ko Zamfara. Kin shiga aikin rigakafin shan inna gida-gida ko rabon maganin zazzaɓin yara na damina, shi ma aiki ne, sa shi. Har taken furojet ɗinki na ƙarshe.

Kuma ku daina raina harshe. Nas ɗin da ke jin Hausa da Turanci, ga kuma Fulatanci ko Gbagyi ko Jju ko Tyap, tana da abin da wata daga nesa ba ta da shi, domin tsohuwar da aka kawo daga ruga ba za ta faɗa maka inda ke mata ciwo da Turanci ba. Akwai gurbin harsuna a shafin, ku cika.

Hoto kuma ɗaya mai tsabta ya isa, fuska a bayyane, da hijabinki ko hularka ba wanda zai ce don me, amma ban da na biki da na filta. Imel ya zama da sunanki ne, ba irin su sarauniyar kyawawa ba. Tunda da Turanci za a rubuta, a ba wani ya duba kafin a saki. Sannan gaskiya, in RN ce ke, wato nas mai rajista, sa RN, in RM ce, wato ungozoma mai rajista, sa RM, in sakamako bai fito ba ki ce kina jira, kar ki ɗora wa kanki abin da ba ki kai ba don za a nemi takarda. Amma kar a ɗora hoton lasisi ko satifiket ko lambar NIN a fili, ɓarayin takardu na nan.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne hoton majinyata. Na ga shafin wata yarinya, ta ɗauki kanta a ɗakin haihuwa riƙe da jariri ko wanka ba a yi masa ba, a bayanta ga uwar kwance an ɗan rufa mata zani, ga fayil a kan tebur ana iya karanta suna, ta rubuta wai alhamdulillah haihuwa ta farko da na karɓa. Ita murna take yi, ni kuma a nan na ajiye takardarta gefe. Sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya ce bayanin majinyaci sirri ne, kuma ko babu doka, ke za ki so a yi wa yayarki haka? In kina son ba da labarin abin da kika koya a ranar, ba da shi ba suna ba hoto ba sunan unguwa.

Sai 'yan damfara, don su ma sun san inda sabbin nas suke. Da zarar kin sa alamar nan kore ta neman aiki za ki ga saƙo, wai shi ejan ne yana ɗaukar ma'aikata zuwa Ingila, turo kuɗin fom kaza. Ku sani Najeriya na cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 masu ƙarancin ma'aikatan lafiya, kuma Ingila ta sa mu a jan layi, ma'ana ba a yarda asibitocinsu ko ejan su zo su yi farautar ma'aikata a nan ba, sai dai mutum ya nema da kansa kai tsaye. Hanyar kuma sananniya ce, jarrabawar Turanci IELTS ko OET, sai CBT ta kwamfuta, sai OSCE ta gwaji a aikace da ake yi a can, ga tantancewar takardu ta NMCN wadda a Fabrairun 2024 aka yi ta rigima har da zanga-zanga a Abuja da Legas kan sharaɗin shekara biyu na aiki. Duk wanda ya ce zai tsallakar da ke waɗannan da kuɗi ɓarawo ne. Haka masu cewa su ƙungiyar agaji ne a biya kuɗin intabiyu, ƙungiyoyin gaske irin su MSF ta likitocin agaji ba sa karɓar ko kwabo. Su kuma alhazan da ke shiga inbos ɗin yaran nan da salamu alaikum kyakkyawa, ku ji tsoron Allah, ba wurin neman aure ba ne, irinku ne ke sa iyaye da mazaje hana su buɗe shafin tun farko.

Wajen neman sanayya ma a yi da ladabi. Ba ka tura wa babba kalma ɗaya ka yi shiru, ko saƙon farko ya zama taimaka min da aiki. Gaishe ta, faɗi makarantar da ka gama da shekarar, faɗi abin da kake son sani. Mu a Kaduna ma mun yi sa'a, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa, ga Cibiyar Kunne, ga asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, duk ana karatun ƙwarewa na bayan RN a cikinsu, nemi waɗanda suka yi ka tambaye su yadda aka shiga. Matiron ɗin da ta yaba da aikinki a wod roƙe ta ta rubuta miki shaida ta layi uku a shafin tun ba ta manta fuskarki ba. Duk bitar ƙarin ilimin aiki ta MCPDP da kika yi, wadda dama dole ce kafin sabunta lasisi duk shekara uku, ƙara ta.

Roƙona ga shugabannin makarantun jinya da ƙungiyarmu ta nas-nas da ungozomomi NANNM reshen Kaduna, kafin bikin rantsar da ɗalibai a ware musu yini ɗaya, kowa ya zo da wayarsa a zauna a buɗe shafin nan tare a duba abin da ya rubuta. Ba ya buƙatar kasafin kuɗi, aji ɗaya da wutar caji ne, kuma in an kira ni zan zo.

Na gode Edita.

Wata nas,
Tudun Wada, Kaduna