Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 ga 'Ya'ya da Jikokin Mazan Jiya na Yaƙin Duniya na Biyu, Katsina

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayen ƙungiya, shugabanni da sauran 'yan'uwa maza da mata, ga bayanin abin da kwamitin gudanarwa ya aiwatar a shekarar 2025, wadda a cikinta Yaƙin Duniya na Biyu ya cika shekara 80 da ƙarewa. Lissafin kuɗin shiga da na fita yana cikin rahoton ma'aji, wanda za a karanta daban. Muna fara miƙa ta'aziyya ga gidajen da suka yi rashi a bana, musamman na iyayenmu mata da suka yi zaman aure da tsoffin sojojin nan, waɗanda kowace ta tafi da labarin da ba za a sake jin sa daga bakin kowa ba. Allah ya jiƙansu da rahama.

Aikin da ya ci mafi yawan lokacinmu shi ne kundin sunaye da babban taron bara ya ɗora mana. Wakilanmu sun shiga gidaje a cikin birni da Daura da Mani da Dutsin-Ma da Jibiya, suna ɗaukar hoton takardun sallama da lambobin yabo, suna kuma naɗar muryar dattawa. Abin da ya fi ba mu wahala shi ne suna. Turawa kan rubuta kurtu da sunansa na yanka su haɗa da sunan garinsa, Wane Katsina ko Wane Daura, don haka mutane da yawa suna amsa suna ɗaya a takardun soja. Wasu iyalan kuma sun shaida mana cewa mahaifinsu ya sauya suna a wurin ɗauka domin ya tafi ba da yardar gida ba, wasu suka ce kakansu mutumin Maraɗi ne ko Damagaram, ya tsallako ya ba da sunan Katsina. Lambobin yabo irin Tauraron Bama (ƙasar Burma, wadda yanzu ake kira Myanmar) da Tauraron Afirka ba sa raba gardama, domin akasarinsu ba a zana sunan mai su a jiki ba; suna nuna fagen da aka je ne kawai. Saboda haka kwamiti ya yanke cewa lambar soja, wadda ta 'yan Najeriya kan fara da haruffan NA, ita ce ginshiƙin kowane shafi. Gidan da bai da lamba ba a ƙi shi ba, ana rubuta bayaninsa a matsayin abin da aka ji daga iyali har a sami takarda.

Wannan tantancewa ta nuna mana cewa ba duk wanda muke kira ɗan Bama ne ya taka Bama ba. Akwai waɗanda yaƙinsu da Italiya suka yi shi a Gabashin Afirka, cikin birged ɗin Najeriya da ta shiga Mogadishu a watan Fabrairu 1941, ta wuce zuwa Harar a ƙasar Habasha, kafin a karɓi Adis Ababa a watan Afrilu. Waɗanda suka je Bama kuwa suna cikin Runduna ta 81 ko ta 82 ta Yammacin Afirka, waɗanda aka kafa a 1943. Ta 81 ta bi teku zuwa Bombay a Indiya, ta shiga kwarin Kaladan a Bama a 1944, inda jiragen sama ne ke jefa mata abinci da harsashi saboda babu hanyar mota. Daga cikinta aka zare bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 ta sojan Najeriya aka haɗa su da dakarun Chindit na Janar Wingate, masu yaƙi a bayan layin Japan. A watan Janairu 1945 rundunonin biyu suka haɗu aka ci garin Myohaung. Matasanmu da ke jin sunayen barikin Dodan da Arakan da Myohaung a Legas, ko Kalapanzin a Kaduna, ko Chindit a Zariya, su sani cewa daga wannan yaƙi na kakanninsu aka samo su.

Akwai batun da muka daɗe muna muhawara a kansa, kuma ina so in faɗi matsayin kwamiti a fili. A gidaje da dama, da an zo kan aikin da tsohon ya yi sai murya ta yi ƙasa a ce ai shi ɗaukar kaya kawai ya yi, har wani gida ya nemi kada a sa sunan mahaifinsu. Ba mu yarda da wannan ba. Masu ɗaukar kayan nan sojoji ne masu lamba da kaki, an tsara su rukuni rukuni cikin rundunar, kuma a kansu ake ɗora harsashi da abinci da sassan manyan bindigogi a hau tsaunukan Arakan cikin daji da damina, sau da yawa ba tare da makamin kare kai ba. Su suke ɗauko wanda ya ji rauni a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. In ba da su ba, mai bindiga ba zai kai inda ya kai ba. Tambarin Runduna ta 81 gizo-gizo ne baƙi, amma na ta 82 mashi biyu ne da aka gicciya a kan gammo, wato hukumar sojan da kanta ta ɗora shaidar rundunar a kan aikinsu. Shafinsu a kundinmu daidai yake da na saje da samanja, kuma muna godiya ga dattawan da suka koma gidan da ya ƙi suka lallashe su har suka amince.

Ƙaramin kwamitin matasa ya duƙufa kan waɗanda ba su dawo ba. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel tana da rumbun sunaye a intanet da ake bincika da suna ko lamba. A maƙabartar Taukkyan kusa da birnin Yangon na Bama akwai bangon tunawa mai ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, cikinsu har da 'yan Najeriya. Ta wannan hanya wasu gidaje suka ga ranar rasuwar ɗan'uwansu a karon farko, bayan shekara tamanin ana cewa ya tafi Bama bai dawo ba, suka tara dangi aka yi masa addu'a.

Mun halarci taron tunawa da mazan jiya na 15 ga Janairu kamar kullum, mun kai ziyara da ɗan abin hasafi ga iyayenmu gwauraye a watan azumi, mun kuma yi lacca ga ɗaliban sakandare a watan Agusta. Tambayar da ɗaliban suka fi yi ita ce kan ziyarar da Sarkin Katsina Alhaji Usman Nagogo ya kai wa sojojinmu a Indiya da Bama bayan hawansa gadon sarauta a 1944. Muna neman hotunan wannan ziyara, da tsoffin kofe na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo na shekarun yaƙin, kuma za a tura wakilai ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna.

A shekara mai zuwa kwamiti yana neman amincewarku a faɗaɗa kundin ya haɗa da waɗanda suka yaƙi Jamus a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, da waɗanda aka tilasta wa aikin haƙar kuza a Jos a lokacin yaƙi na biyu. Kafin nan, gara da ruwan sama sun riga sun cinye takardu da yawa a cikin adaka da akwatuna. Duk mai takardar sallama ko hoto ko wasiƙa ya kawo wa wakilin unguwarsu. Za a ɗauki hoto a gabansa, a mayar masa da kayansa nan take.

Wassalam.
Sakataren Ƙungiya