Ƙotar bindiga ta alminiyam da maƙeranmu na Panteka

Malam Edita, assalamu alaikum.

Dan Allah a ba ni ɗan fili. Ni maƙeri ne, aikin injin sassaƙa ƙarfe nake, kuma kwanaki na ga yadda a Amurka da Ingila da yawa daga masu wasan harbi suka bar ƙotar katako suka koma ta alminiyam, a irin bindigar nan da ake jan sakatarta da hannu bayan kowane harbi. Dalili kuwa katako yana kumbura da damina ya bushe da rani sai saiti ya goce, shi ko alminiyam 6061 ko 7075, irin na jirgin sama, ruwa baya kumbura shi, dunƙule guda ake ɗora wa injin CNC mai kwamfuta ya sassaƙe shi tsaf.

Ba cewa nayi kowa ya ƙera bindiga ba fa, wannan sai da lasisin gwamnati, aikin DICON ne, kamfanin ƙera makamai na gwamnati da ke Kaduna tun 1964. Abin da ke cin raina shine injin nan dai shi ke yin kayan gyaran mota da na famfon ban ruwa, amma yaranmu a Panteka har yau narka gwangwani suke suna zuba tukwane, kamfanin alminiyam na Ikot Abasi a jihar Akwa Ibom kuma shekara da shekaru yana kwance. Dan Allah gwamnati ta kai irin injinan nan makarantun fasaha mana, da wutar da zata juya su.

Naku,
Wani maƙeri daga Kaduna