Takardar Koke Kan Hayaƙin Motocin A-Kori-Kura a Layin Bayan Kasuwar Hatsi

Zuwa ga Mai Girma Hakimi, ta hannun Dagaci da Mai Unguwa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya ja zamanin Hakimi, ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya taya riƙo. Mu talakawanka ne mazauna layin bayan kasuwar hatsi, cikinmu har da makanikai da tsofaffin direbobi. Muna neman afuwa da wannan takarda, tura ce ta kai bango.

Ranka ya daɗe, ranar Litinin da ta wuce, da sassafe, motocin a-kori-kura masu shan gas, wato dizal, guda shida suka jeru jikin katangar Islamiyya suna jiran lodi, injuna a kunne sama da awa guda. Sanyin hunturu ya danne hayaƙin, ya kwanta a layi ya shiga azuzuwa ta tagogi. Dole malamai suka tashi yara, biyu masu asma aka kai su asibiti. Da aka yi wa direbobin magana sai suka ce in sun kashe mota ba za ta sake tashi ba. Wannan batir ne ya mutu ko hita, wato abin da ke ɗumama cikin inji don ya tashi, gyaran rabin yini ne. Saboda shi aka shaƙe 'ya'yanmu.

Allah ya taimaki Hakimi, hayaƙin nan ba halin gas ba ne kamar yadda suke faɗa, kowane launi da ciwonsa. Baƙin hayaƙi na nufin mai ya fi iska yawa a cikin inji. Ko dai matatar iska ta toshe da ƙura, ko nozul ya ci yana ɗigar da mai maimakon ya fesa shi kamar hazo, ko kuma, wanda ya fi yawa a nan, an fasa hatimin famfon injekta an murɗa sukurun mai don mota ta ja kaya. Motar da aka ƙera don ɗaukar kimanin tan ɗaya ake ɗora wa buhun masara 25, kowane kilo 100, tan biyu da rabi ke nan. Ina za ta ja ba tare da an buɗe mata mai ba? Man da bai ƙone ba shi ke fitowa ta salansa ya zama baƙin toka a kan garin masu niƙa da kayan shanya. Shuɗin hayaƙi kuwa baƙin mai ne inji ke ci, ringi ya ƙare ko tabo, wato na'urar da ke cusa iska cikin inji, tana yoyo. Farin da ba ya yankewa bayan inji ya ɗumama, ko taimin, wato lokacin fesa mai, ya goce ko gasket ya ƙone ruwa na shiga. Ga masu haɗa gas da kananzir ko tsohon baƙin mai, ga sabbin shigowa da ake cire musu matatar toka ta cikin salansa da zarar ta toshe.

Tun 2012 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin dizal cikin abubuwan da ke jawo kansar huhu. Kuma doka na nan: ƙa'idojin hana hayaƙin ababen hawa masu fetur da dizal na 2011, ƙarƙashin NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin kare muhalli.

Mun yi magana ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. An zauna da shugabannin direbobi, an kai takarda, an yi alkawari, an sake zama, sati guda a ga sauƙi sannan a koma gidan jiya.

Don haka muke roƙo, ranka ya daɗe, a hana ajiye mota jikin Islamiyya da masallaci, a mayar da wurin lodi filin gabas inda babu gidaje. Mota mai jira ta kashe inji. A gayyato jami'an VIO da na KAROTA su riƙa gwaji a bakin kasuwa ranakun lodi. Gwajin ba wuya: inji ya ɗumama, a sa giya a firi, a taka totur har ƙasa da sauri sau uku, motar da baƙin hayaƙinta bai yanke ba a rubuta lambarta, a ba ta sati biyu. A cikinsu ta canza matatar iska, a gwada nozul a kan injin gwaji, a mayar da sukurun famfo yadda yake a sake buga hatimi. Wadda ta dawo da hayaƙi kada a ba ta layin lodi. Karɓar tara a saki mota ba ya gyara nozul, ranka ya daɗe, gobe ma a ƙofar gidajenmu za ta tsaya. A kira makanikan da ke fasa hatimi gaban Dagaci a ja musu kunne, a kuma ƙayyade yawan buhu. Muna sake roƙo, ko kafin komai, a ɗauke motocin nan daga jikin Islamiyya kafin Asabar, ranar da yara za su koma.

Makanikan cikinmu a shirye suke su tsaya wurin gwaji kyauta idan Hakimi ya ba da umarni.

Allah ya ƙara wa Hakimi lafiya.

Masu biyayya,
Mazauna layin bayan kasuwar hatsi.