A Riƙa Barin Baƙo Ya Yi Magana

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ƙorafi gare ni a kan shirinku na hira da baƙi, kuma da Larry King zan kafa hujja, Ba'amurken nan mai hira da baƙi a rediyo da talabijin da ya rasu ranar 23 ga Janairun 2021 yana da shekara 87.

Sunansa na asali Lawrence Zeiger, haifaffen Brooklyn, ko jami'a bai shiga ba. A 1957 ya samu shiga wani ƙaramin gidan rediyo a Miami Beach, inda manaja ya ce sunan nasa zai yi wa jama'a wuyar riƙewa, nan take ya tsinci "King" a wata talla cikin jarida. A 1978 aka ba shi shirin dare a tashoshin rediyon Mutual, tun daga tsakar dare har asuba mutane na bugo waya. A ganina can ya koyi sana'ar, don wanda ya kwana yana sauraron direbobi da masu gadi dole ya iya kasa kunne. Daga 1985 zuwa 2010 yana CNN, kuma an ƙiyasta ya yi hira sama da 50,000 a rayuwarsa.

Tambayarsa ba ta cika wuce jimla ɗaya ba. A Satumban 2000, bayan jirgin ƙarƙashin ruwa na Rasha mai suna Kursk ya hallaka mutum 118, sai kawai ya tambayi shugaban Rasha Putin me ya sami jirgin. Putin ya ce, "Ya nutse," har da ɗan murmushi. Da King ya yi doguwar shimfiɗa, da shugaban ya samu inda zai fake. Sai ga shi duniya ta gan shi yadda yake.

Ba duk halinsa nake so ba. An sha zarginsa da lallaɓa manya, kuma da bakinsa yake cewa ba ya karanta littafin marubuci kafin su zauna. Wannan kam kada a kwaikwaya.

To amma naku masu gabatarwar, Allah ya ba su haƙuri, sai su yi gaisuwa, su yi kirari, su yi sharhi, su amsa tambayar da kansu, sannan su ce "ko ba haka ba, ranka ya daɗe?" Me ya rage wa baƙon in ban da "ƙwarai kuwa"? Da an buɗe layin waya kuma, lokaci ya ƙare.

Don Allah a taƙaita shimfiɗar, a ƙara mana minti goma na kiran waya.

Naku,
Mai sauraro daga Zariya